Tsohon agogo: tsufa ke kashe shi ko kamfani? (Zare)

1/
Jama'a, zaren yau yana da ɗan tsawo, a nemi wurin zama. 🧵
Ana ta muhawara a kan agogon hannu na zamani, irin mai haɗuwa da waya yana ƙirga taku da bugun zuciya. Shin dole ne kamfani ya ci gaba da turo wa tsohon samfuri sababbin abubuwa ta hanyar sabunta manhaja, ko mai son sabo ya je ya sayi sabo?

2/
Wani zai ce wannan ai rigimar 'yan gayu ce, ina ruwan ɗan Gagarawa Tasha da ita. Ni kuwa ina ganin ta fi shafarmu a kan su. Yawancinmu ba mu ne masu ɓare kwali ba. Kayan hannu muke saye, bayan wani a Landan ko Dubai ya more shekarunsu na farko.

3/
Kuma abin da ake tsoron zai samu agogo ya riga ya samu wayoyin yayyenmu, ba sau ɗaya ba. Shi ya sa zan bi ta tarihi: daga agogon kakanninmu, zuwa Nokia da BlackBerry, sannan mu dawo kan na yanzu. A ƙarshe in faɗi matsayata, ku ma ku faɗi taku.

4/
Garinmu dai jirgin ƙasa ne ya raɗa masa suna. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Nguru, aka kammala shi a 1930, babban dalili shi ne kwasar gyaɗa. Layin ya bi ta Ringim, ya zo Gagarawa, ya wuce Malam Madori. Inda jirgi ke tsayawa ya zama Tasha.

5/
Kafin nan da rana da inuwa da kiran sallah ake auna lokaci: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru. Shi kuwa jirgi bai san "wajen hantsi" ba, ƙarfe nawa da minti nawa ya sani. Ita kanta kalmar "agogo" aro ce daga Yarbanci, inda asalinta ke nufin ƙararrawa.

6/
Daga baya agogon hannu ya zama tsarabar alhazai da adon ma'aikata. Seiko 5 ya fito a 1963, ba ya cin batir, motsin hannunka ne ke ɗaure shi. Casio F-91W, wannan baƙin mai ɗanko, ya fito a 1989 kuma har gobe ana ƙera shi. Batir ɗaya yana kai shi wajen shekara 7.

7/
In ya tsaya, akwai mai gyaran agogo a kasuwa da ɗan akwatinsa na gilashi, da madubin da yake maƙalawa a ido, da matsefata. Ya buɗe, ya hure, ya ɗiga mai, ya rufe. Da yawa cikinmu mun ga irin agogon nan a hannun kaka, sannan muka gan shi a hannun baba.

8/
Ku riƙe wannan, don a kansa duk zaren ya tsaya: ranar da kakanka ya biya kuɗin Seiko, hannun kamfani ya fita daga cinikin. Ko kamfanin ya rushe a Japan, agogon bai sani ba. Babu wanda zai zauna a wata ƙasa ya yanke ranar da zai daina aiki.

9/
Sai waya ta zo. A Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM, kowanne a kan dala miliyan 285. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai naira 20,000 ko sama, kira naira 50 a minti. Sai da Glo ta shigo a 2003 aka fara lissafin sakan-sakan.

10/
Wayoyin lokacin irin Seiko ne a hali. Nokia 3310 ta fito a 2000. Nokia 1100 mai tocila ta fito a 2003, an sayar da sama da miliyan 250 a duniya. Ba ruwan mai ita da sabunta manhaja. In ka tono ta a adakar Inna yau, ka sa batir da layi, za ta yi kira matuƙar akwai sabis na 2G.

11/
A kan waɗannan wayoyi aka gina sana'a guda. Kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano suka zama makarantar gyaran waya. Samari suka je suka koya, suka dawo suka kafa tebur a Gumel, a Sule Tankarkar, a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Gilashi, wajen caji, lasifika, batir, duk suna canzawa.

12/
Wato duk cutar da ke jikin ƙarfe muna da maganinta a gida. Waya ta faɗa randa? A buɗe a busar. Ta fashe? A ciro kayan wata matacciya a sa mata. Masu gyaranmu sun ƙware wajen haɗa mai rai ɗaya daga matattu uku. Ba a yar da waya a ƙasar nan sai ta gaji don kanta.

13/
Canji ya fara ne lokacin da darajar waya ta tashi daga kira ta koma kan manhaja. Ku tambayi yayyenku labarin 2go, manhajar hira daga Afirka ta Kudu da ta mamaye ƙananan wayoyin Nokia wajen 2011 da 2012. Da ita da Opera Mini aka raba dare, aka ƙulla soyayya, aka kuma faɗi jarrabawa. 😂

14/
To amma manhajar hira ba a cikin wayarka kaɗai take ba. Rabinta yana kan manyan kwamfutocin kamfani da ke wata ƙasa, waɗanda ake kira saba. Saƙonka sai ya je can ya dawo. Ranar da aka kashe sabar, ko aka ce ba ta ƙara magana da irin wayarka, hira ta ƙare ko da wayar sabuwa ce fil.

15/
BlackBerry ce ta fara nuna mana haka ƙarara. Akwai lokacin da ita ce alamar wayewa a jami'o'in Najeriya. Ana biyan kuɗin BIS duk wata, saurayi ba ya tambayar lamba sai PIN. Har fim aka yi a Nollywood a 2011 mai suna BlackBerry Babes, a kan 'yan matan da ba su kula wanda ba shi da ita.

16/
A Oktoban 2013 manhajar BBM ta sauka a Android da iPhone, sirrin ya tashi. Ranar 31 ga Mayu 2019 aka rufe BBM na gama-gari. Ranar 4 ga Janairu 2022 kamfanin ya kashe hidimomin tsofaffin wayoyinsa, ya ce kada a ƙara dogara da su ko don kira da saƙo. Madannansu kuwa lafiya ƙalau.

17/
Sai WhatsApp. A Fabrairun 2016 ta sanar da cewa za ta sallami tsofaffin tsare-tsare. An yi ta ƙara wa'adi, amma ga yadda aka ƙare:
• Nokia Symbian S60: 30 ga Yuni 2017
• BlackBerry: 31 ga Disamba 2017
• Nokia S40: 31 ga Disamba 2018
• Windows Phone: 31 ga Disamba 2019

18/
Ba a tsaya nan ba. Daga 24 ga Oktoba 2023, sai wayar da ke da Android 5 ko sama. A 2025 kuma aka ce iPhone sai mai iOS 15.1, abin da ya fitar da iPhone 5s da 6 da 6 Plus, don su sun tsaya a iOS 12. Duk wanda ya san kasuwar wayar hannu a Kano ya san yadda iPhone 6 ta yi yawa a cikinta.

19/
A Turai wannan ƙaramin labari ne a shafin fasaha. A nan kuwa WhatsApp ne zauren dangi, shi ne allon sanarwar aji. Da shi dillali ke tura hoton rago daga Maigatari zuwa mai saye a Legas. Da saƙon murya tsohuwar da ba ta yi boko ba take gaisawa da ɗanta da ke ci-rani.

20/
Ranar da manhajar ta ƙi buɗewa, mutum zai kai wa mai gyara kamar yadda ya saba. Mai gyara ya juya ta gaba da baya, ya ce "Alhaji wayarka lafiyarta lau, daga can ne aka rufe." A karon farko ga cutar da babu maganinta a Farm Centre, duk ƙwarewar yaran nan.

21/
Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace. Mai shayi da mai kayan miya duk suka koma tiransifa. A lokacin aka gane cewa manhajojin banki ma suna da mafi ƙarancin Android da suke karɓa. Tsufan manhaja ya tashi daga maganar gayu ya koma maganar cefane.

22/
Mu ɗalibai ma ga namu. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, kuma Windows 11 tana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba. Ku leƙa ɗakunan kwananmu ku ga irin kwamfutocin da ake rubuta furojet da su. Kusan duk na hannu ne.

23/
Ga abin da tarihin nan ke nunawa. Kamfani yana fara ƙirga shekarun tallafi daga ranar da kaya ya fito, ba daga ranar da kai ka saya ba. Mai ɓare kwali ya cinye shekarun farko, ya sayar. Kai da ka karɓa a shekara ta huɗu ko ta biyar, ragowar kwanon aka miƙo maka, kuma ba a gaya maka saura loma nawa ba.

24/
To in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Agogon zamani ya fi waya rauni ta wannan fuska, don igiyarsa biyu ce: manhajar da ke cikinsa, da manhajar da ke kan wayarka wadda yake magana da ita. Ɗaya ta tsinke, sai ya koma nuna lokaci kawai, kuma yana neman caji kullum.

25/
Misali na farko Pebble. A 2012 jama'a suka tara wa wannan ƙaramin kamfani sama da dala miliyan 10 a shafin Kickstarter don ya ƙera agogo. Ya yi farin jini sosai. A Disamban 2016 ya durƙushe, Fitbit ta saye abin da ya rage, aka kashe sabar Pebble a ƙarshen Yunin 2018.

26/
Amma masu agogon ba su haƙura ba. Wasu 'yan sa-kai suka kafa Rebble, suka gina tasu sabar, agogunan suka ci gaba da aiki. Google ta saye Fitbit a 2021, a Janairun 2025 kuma ta saki rubutun manhajar Pebble ga kowa. Mai kamfanin na asali, Eric Migicovsky, ya dawo yana ƙera sababbi a kanta.

27/
Misali na biyu Samsung. Galaxy Watch 3 ya fito a Agustan 2020 a kan tsarin Tizen. Bayan shekara ɗaya kacal, Galaxy Watch 4 ya koma tsarin Wear OS na Google. Na baya ba su iya bin sa can ba. A ƙarshen Satumban 2025 aka rufe wa agogunan Tizen kantin sauke manhajoji.

28/
Na uku Apple, kuma shi ne ya fi koyarwa. Apple Watch Series 3 ya fito a 2017, kamfanin ya ci gaba da sayar da shi sabo har Satumban 2022. A wannan watan watchOS 9 ta fito, kuma babu Series 3 a cikin masu samunta. Wanda ya ɓare kwalinsa a Agusta, a Satumba an riga an wuce shi.

29/
A 2024 watchOS 11 ta sauke Series 4 da Series 5 da SE na farko. Yanzu ku duba tallan masu kayan hannu a Instagram da sitatus, ku ga waɗanne samfura ake yi mana talla da farashi mai sauƙi. Galibi abin da aka sallama a can shi ke sauka a nan, a goge shi, a ce "tsaf yake kamar sabo."

30/
Sai dai a yi adalci, kamfani ma yana da hujja. Akwai abin da manhaja ba za ta taɓa bayarwa ba. Awon zuciya na ECG ya zo da Series 4 a 2018 saboda an sa masa ƙarafan awo a bayansa da jikin maɓallinsa. Series 3 ba shi da su. Ko sau dubu aka sabunta shi, ba za su tsiro ba.

31/
Kuma ɗan agogo ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, batirinsa ƙarami. In aka ɗora masa manhajar da ta fi ƙarfinsa, zai riƙa nauyi, caji ya ƙare kafin la'asar. Masu rubuta manhaja kuma albashi ake biyansu. Kamfani zai ce maka wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

32/
Amma akwai abin da manhaja kaɗai ke bayarwa, kuma an gani. Bibiyar barci ta zo da watchOS 7 a 2020, Series 3 mai shekara uku ya same ta kyauta. Ba a ƙara masa ko ƙusa ɗaya ba. Na'urar jin motsin da ake buƙata tana cikinsa tun ranar da aka ƙera shi.

33/
Sannan akwai na tsakiya, inda rigimar take. A 2023 Apple ta tallata haɗa yatsu sau biyu don amsa kira a matsayin abin Series 9, ta ce sai sabuwar ƙwaƙwalwarsa. Alhali tun 2021 akwai makamancinsa a tsofaffin agoguna, a sashen taimakon masu larurar hannu. Ba iri ɗaya ba ne sak, amma ya isa ya sa a yi tambaya.

34/
Matsalar ita ce mai saye ba shi da hanyar tantancewa. In an ce "tsohon ba zai iya ɗauka ba," manhajar a kulle take, ba ka da ikon dubawa. Wanda zai ci riba in ka sayi sabo, shi ne kuma alƙalin da ke yanke hukunci ko tsohonka ya gaji. Kura ce aka ba ajiyar nama.

35/
Zargin kuma yana da tushe a tarihi. A Disamban 1924 manyan masu ƙera ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, suka haɗu a Geneva suka kafa ƙungiyar da ake kira Phoebus. Suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, har da tara ga wanda nasa ya daɗe fiye da haka.

36/
A zamaninmu, a Disamban 2017 Apple ta amsa cewa sabuntawarta tana rage saurin iPhone masu tsohon batir, ta ce don kada su riƙa mutuwa ba zato. A 2018 Italiya ta ci tarar Apple yuro miliyan 10, Samsung miliyan 5. A 2020 Faransa ta ci Apple miliyan 25 saboda ba ta sanar da masu saye ba.

37/
Kun ga ke nan sabuntawa wuƙa ce mai baki biyu. A hana ka, kayanka ya tsufa. A ba ka wadda ta fi ƙarfinsa, ya tsufa da sauri. Saboda haka kukan "a ba mu komai da aka ba sabo" bai isa ba. Sai an rarrabe abin da ake nema.

38/
Ni a ganina kashi uku ne.
Na ɗaya: toshe ɓarakar tsaro da gyaran kurakurai.
Na biyu: abin da agogon ke yi ranar da aka saye shi ya ci gaba da yi, har da haɗuwa da waya.
Na uku: sababbin abubuwan da babu su a ranar ciniki.

39/
Na ɗaya da na biyu haƙƙi ne, ba alfarma ba. An karɓi kuɗinka a kan agogon da ke nuna saƙo da ƙirga bugun zuciya. In an kashe wannan daga nesa alhali ƙarfen lafiya yake, an karɓe wani ɓangare na abin da ka biya. Ga kuma bayanan lafiyarka da ke ciki, waɗanda ke buƙatar tsaro.

40/
Na uku kuwa, ba na cewa bashi ne har abada. Abin da nake cewa: in ƙarfen zai ɗauka, a bayar. In ba zai ɗauka ba, a faɗi takamaiman abin da ya rasa, kamar yadda maganar ECG take a fili. In kuma don kasuwa aka hana, a fito a ce don kasuwa ne, mu san da wa muke ciniki.

41/
Sama da duka, a rubuta ranar ƙarshen tallafi a jikin kwali da cikin saitin agogon, yadda ake rubuta ranar lalacewa a jikin magani da madarar gwangwani. Da haka mai sayen na hannu zai duba ya ce "saura wata takwas," ya taya daidai da haka. Yanzu dai a duhu muke taya kaya.

42/
Kuma ranar da kamfani ya gaji, ya buɗe ƙofar ya tafi, kamar yadda ta kasance da Pebble daga baya. Yaran da suka koyi cire ƙwaƙwalwar waya da iska mai zafi a Farm Centre, da ɗaliban kwamfuta a Dutse da Kafin Hausa da Kano, za su iya koyon riƙe manhaja in ba a kulle take ba.

43/
Kada a ce mafarki ne. Daga 20 ga Yuni 2025 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu waya da tablet sabunta manhaja na aƙalla shekara 5, da kayan gyara na shekara 7. Kuma ƙirgen yana farawa ne daga ranar da aka daina sa samfurin a kasuwa. Agogo bai shiga dokar ba tukuna.

44/
Kamfanonin ma sun nuna zai yiwu. Google ta yi wa Pixel 8 alkawarin shekara 7 a 2023, Samsung ta yi wa Galaxy S24 irinsa a 2024. Abin da aka daɗe ana nuna kamar ya gagara, da gasa da doka suka matso sai ga shi a takardar talla.

45/
Najeriya fa? Muna da hukumar kare masu saye, FCCPC. A Yulin 2024 ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Ke nan tana da haƙori. Neman a rubuta wa'adin tallafi a jikin kayan da ake shigowa da su bai kai wannan wuya ba.

46/
Lissafin aljihu ma yana goyon bayan haka. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Shawarar "ka sayi sabo mana" tana da sauƙin faɗa ga wanda ba da naira yake karɓar albashi ba.

47/
Ga kuma shara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kashi 22 cikin 100 kacal aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Duk na'urar da aka kashe da ranta, ƙarshenta buhun 'yan gwangwan ko juji, da batirinta a ciki.

48/
Akwai kuma agogunan da suka fi yawa a hannunmu, marasa suna, masu kwaikwayon surar Apple, waɗanda ake zubawa a faranti a tasha. Su ba a ma maganar sabuntawa. Wani a ɗakinmu ya ɗaura nasa a jikin robar ruwa, agogo ya ce bugun zuciyarta lafiya lau. 😭 Araha ba ta ado. Kada a auna lafiya da su.

49/
Kafin doka ta zo, ga abin da za ka duba in za ka sayi na hannu:
• Wace shekara samfurin ya fito?
• Yana samun manhajar bana, ko an sauke shi?
• Zai haɗu da wayarka? Apple Watch sai da iPhone.
• Mai shi na farko ya cire asusunsa?
• Ana samun batirinsa a Kano?

50/
A gwada haɗa shi da wayarka a gaban mai sayarwa kafin kuɗi su fita. In an riga an sauke samfurin, ba laifi ba ne ka saya, amma ka taya shi a matsayin abin da kwanansa ya kusa. In kuma lokaci kawai kake son gani, wallahi Casio na nan, ba ya neman caji, ba ya neman izinin kowa.

51/
Yanzu ku ba ni naku. Wace waya ko agogo ce ta mutu a hannunku alhali jikinta lafiya, kuma a wace shekara? Masu gyara na Gumel da Maigatari da Farm Centre, ku musamman nake son ji: cikin kayan da ake kawo muku, wanne ya fi yawa yanzu, matsalar ƙarfe ko ta manhaja?

52/
Zan tattara amsoshin in yi zare na biyu da su in sha Allahu, bayan jarrabawa. A tura wa duk wanda aka san yana shirin sayen agogon hannu a wannan watan. 🙏🏾